Na'urar da ke zana wa likita hoto: yadda take aiki da inda take tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa raka ango ko amarya gwajin jini ya san haruffan nan da ake jira gaba na faɗuwa: AA, AS, SS. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tushen bambancin A da S harafi ɗaya ne tak a cikin rubutun halittar ɗan Adam, rubutun da tsawonsa ya haura haruffa biliyan 3. Harafin yana kan kuromozom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da aka rarraba rubutun a cikinsu, a cikin ƙwayar halittar da masana suka raɗa wa suna HBB. Shi kansa kuromozom ɗin haruffansa sun kai miliyan 135.

To, a ce an ba ka aikin nuna wa likita wannan harafi a fuskar kwamfuta. Fuskar da aka fi amfani da ita faɗinta ɗigo 1,920 ne. In ka shimfiɗa kuromozom na 11 daga wannan gefe zuwa wancan, kowane ɗigo guda zai haɗiye haruffa wajen 70,000. Ƙwayar HBB ɗungurungum, wadda ba ta kai haruffa 2,000 ba, ba za ta cika ko ɗigo ɗaya ba, balle harafin sikila. Allura ce ta faɗa ruwa.

Daga nan mutum zai fara gane abin da ya sa zana hoton bayanan likitanci ya zama sana'a mai zaman kanta. Kuma bayanan sun yi yawan da hannu ba zai iya zana su ɗaya bayan ɗaya ba. Ɗakin gwajin da ke karanta ɗaruruwan samfura a mako ba zai ajiye mai zane ya riƙa jan layi ga kowanne ba. Dole manhajar da ta karanta samfurin ita ce za ta zana hotonsa nan take. Tambayar ita ce: ta yaya na'ura ke sanin hoton da ya dace?

Tambayar ta girmi yawancin masu yin ta a yau. A 1984 wasu masana alƙaluma biyu, William Cleveland da Robert McGill, sun gwada idon mutane don su ga wace alama ce ake karantawa daidai. Suka gano ido ya fi iya kwatanta matsayin ɗigo a kan ma'auni ɗaya, sai tsawo, sai kusurwa, sai faɗin fili, duhun launi kuwa yana can ƙasa. Shekara biyu bayan haka Jock Mackinlay, a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya ɗora wannan sani a cikin wata manhaja mai suna APT, wadda ke duba bayanai ta zaɓi hoto da kanta bisa sharaɗi biyu: hoton ya faɗi abin da ke cikin bayanan ba ƙari ba ragi, sannan ya zama wanda ido ya fi saurin karantawa. Daga baya Mackinlay ya koma Tableau, kamfanin manhajar zana bayanai, kuma maɓallin nan nasu da ke ba ka shawarar irin hoton da za ka yi jikan wancan aiki ne.

Ga mai lissafin farashin masara wata-wata, wannan ya wadatar. Na'ura ta ga jerin kwanan wata, ta ga jerin kuɗi, sai ta ja layi. Amma a asibiti jerin lambobi ba lambobi ba ne kawai, kowanne da labarin da ke bayansa.

Ɗauki hoton da masu binciken ciwon daji suka fi dogaro da shi, wanda Edward Kaplan da Paul Meier suka tsara lissafinsa a 1958. Yana nuna kaso nawa na majinyata ke raye bayan wata shida, shekara ɗaya, shekara biyar da fara magani. A ce ana bin majinyata 100. Wasu sun rasu, an rubuta ranar. Wasu suna nan suna zuwa ganin likita. Amma akwai kashi na uku da duk ma'aikacin asibitinmu ya sani: wanda ya zo sau uku, kuɗin mota ya gagara, ya koma ƙauye, lambar wayarsa ta daina shiga. Ba za ka ce ya mutu ba, ba za ka rantse yana raye ba. Abin da ka sani kawai shi ne ya kai wata takwas da rai. Lissafin Kaplan da Meier yana ƙirga shi har zuwa watan takwas ɗin, sannan ya cire shi daga waɗanda ake bi, a sa 'yar alama a kan layin don a nuna nan aka rabu da wani. Layin kansa kamar matakalar bene yake sauka, domin mutuwa a rana guda take faruwa, ba a hankali ba. A ƙasan hoton kuma ana jera adadin waɗanda suka rage a kowane zango, saboda wutsiyar layin tana iya zama a kan mutum huɗu kacal, mai kallo ya ɗauka a kan ɗari take.

Manhajar zane ta gama-gari ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba ta jadawalin, za ta ja maka layi mai santsi mai kyan gani, ta lissafa wanda ya koma ƙauye cikin matattu ko cikin rayayyu, ba tare da ta nuna wata damuwa ba. Kyan ɗan maciji ke nan. A ganina wannan shi ne zuciyar al'amarin gaba ɗaya: jan layi da shafa launi su ne mafi sauƙin aikin, wahalar tana wajen shigar da ladubban fannin cikin na'ura.

Hanya mafi daɗewa ta yin haka ita ce ta injin buga bulo. Masana su zauna su ƙera ma'auni guda don irin bayani guda, duk abin da aka zuba ya fito da siffa ɗaya. Haka manhajojin leƙa rubutun halitta suke aiki, irin wadda Jim Kent da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz bayan sun harhaɗa daftarin farko na rubutun halittar ɗan Adam a shekarar 2000, da kuma IGV ta cibiyar Broad. Irin fayil ɗin da ka loda shi ke gaya wa manhajar abin da za ta zana. Fayil ɗin BAM na ɗauke da guntayen da injin ya karanto, sai ta jera su bisa juna kamar tubali. Fayil ɗin VCF na ɗauke da wuraren da mutum ya bambanta da ma'aunin da ake kwatance da shi, sai ta sa alama a kowane wuri.

Matsalar allura cikin ruwa kuwa, ga yadda suka warware ta. Hoton yana canza kama gwargwadon kusantarka. Daga nesa ka ga tuddai da kwaruruka masu nuna inda bayanai suka yi yawa. Ka matso, sai ƙwayoyin halitta su bayyana kamar ƙananan akwatuna da zare ya haɗa. Ka ƙara matsowa, sai haruffan A, C, G, T su fito ɗaya-ɗaya kowanne da launinsa. Kamar taswirar waya ce: daga sama sunan Kano kawai za ka gani, sai ka zuƙo sannan Kurmi da Sabon Gari su fito. Don kada kwamfuta ta riƙa ƙirga haruffa miliyan ɗari duk lokacin da ka motsa hannu, akwai tsarin fayil irin su bigWig da ake lissafa taƙaitawar kowane mataki tun farko a ajiye, manhajar ta ɗauko yankin da kake kallo kawai.

Sai dai a cikin taƙaitawar nan akwai hukuncin da aka yanke maka ba ka sani ba. Haruffa 70,000 da suka taru a ɗigo ɗaya, wace lamba ce za ta wakilce su? In an ɗauki matsakaici, wani tsini mai muhimmanci da ke kan haruffa ɗari biyu zai narke ya ɓace. In an ɗauki mafi girma, kowace hayaniyar inji za ta yi kama da babban abu. Manhajoji masu kyau suna barin ka sauya wannan zaɓi, amma mutum nawa ne ke taɓa shi? Yawancinmu abin da muka tarar muke kallo.

Injin bulo yana da aminci, amma bulo kawai yake bugawa. Ranar da mai bincike ya so hoton da ba a ƙera wa ma'auni ba, sai ya nemi mai rubuta manhaja ya yi watanni. Daga nan hanya ta biyu ta samo asali, wadda ni ita ta fi kwanta mini.

Wanda ya yi karatun nahawu ya san cewa da ƙa'idoji kaɗan ake gina jimlolin da ba su ƙirguwa. A 1999 Leland Wilkinson ya kawo hujjar cewa zane ma yana da nahawunsa: akwai bayanai, akwai alama kamar ɗigo ko sanda ko layi, akwai ma'auni, akwai ƙa'idar da ke cewa wannan jeri ya tafi kwance, wancan ya tafi tsaye, na uku ya zama launi. Hadley Wickham ya gina ggplot2 a kan wannan tunani, masu binciken lafiya da ke aiki da harshen kwamfuta mai suna R suka rungume shi. Ɗakin binciken Jeffrey Heer a Jami'ar Washington ya fito da Vega-Lite, inda ake rubuta bayanin hoto a 'yan layuka cikin tsarin JSON, injin ya cike sauran. A 2021 kuma ƙungiyar Nils Gehlenborg ta makarantar likitanci ta Harvard ta fito da Gosling, nahawun da aka yi musamman don rubutun halitta. Shi ya san mene ne kuromozom, ya san a shimfiɗa shi a miƙe ko a naɗe shi zobe, ya san sauya kama idan an zuƙo.

Amfanin wannan ga aikin kai-tsaye babba ne. An raba "me za a zana" da "yaya za a zana". Manhajar asibiti ko ta ɗakin gwaji ba sai ta iya zane ba, ta dai rubuta takardar umarni, injin da aka gwada aka amince da shi ya aiwatar. Takardar kuma rubutu ce: ana iya karanta ta, a ajiye ta tare da sakamako, bayan shekara biyu a sake fito da hoton yadda yake. Hoto zalla da aka turo maka ta WhatsApp ba ka da hanyar sanin yadda aka haife shi.

Amma ko nahawu ya yi daidai, adireshi na iya ɓata komai. Rubutun halittar da ake kwatance da shi ana sabunta shi, kamar yadda hukumar filaye ke sake awon unguwa lambobin gidaje su canza. A bugun 2009, wanda ake kira GRCh37, harafin sikila yana lamba 5,248,232 a kan kuromozom na 11. A bugun 2013, wato GRCh38, ya koma lamba 5,227,002. Tazarar haruffa 21,230 ke nan. Ɗauki sakamakon da aka lissafa da tsohon bugu ka ɗora a kan taswirar sabo, manhaja za ta sa alamarta cikin nutsuwa a ƙofar gidan da ba shi ba. Babu jan rubutun gargaɗi, domin lambar halattacciya ce a duka bugun biyu. Akwai ma ƙaramin tarko a ƙarƙashin wannan: fayilolin BED daga sifili suke fara ƙirga, na VCF da GFF daga ɗaya. Kuskuren harafi ɗaya ba komai ba ne a idon mai kallon tuddai daga nesa, amma mun riga mun ga abin da harafi ɗaya ke yi wa jini.

Wani lokaci ma tun kafin a zo zane an riga an yi ɓarnar. Shekara da shekaru Excel na mai da sunayen ƙwayoyin halitta irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, wai 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani bincike na 2016 ya tarar da irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗa jerin sunayen a fayil ɗin Excel. Ƙarshenta a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna shi ya sauya sunayen, MARCH1 ta koma MARCHF1. Dutse ya ƙi matsawa, masu tafiya suka kewaye.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin zanen kai-tsaye da kuma haɗarinsa a lokaci guda shi ne Nextstrain, aikin Trevor Bedford na cibiyar Fred Hutchinson a Siyatil da Richard Neher na Jami'ar Basel a Suwizalan. Sun faro da bibiyar mura, suka faɗaɗa zuwa Ebola da Zika, sannan korona ta sa duniya ta san su. Tsarin kashi biyu ne. Augur na karɓar rubutun halittar ƙwayoyin cutar da aka karanto a ƙasashe daban-daban, ya jera su, ya lissafa wace ta fito daga tsatson wace da kuma yaushe suka rabu, ya rubuta sakamakon a fayil. Auspice ya ɗauki fayil ɗin ya zana bishiyar salsala mai rassa, da taswirar duniya, da layukan da ke nuna inda ake zaton cutar ta bi. Babu hannun mai zane a ciki. Sabbin samfura na shigowa, bishiyar na toho. Samfurin korona na farko daga Afirka da aka karanta rubutunsa, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun ce ta fitar da shi a farkon Maris 2020 ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, daga majinyacin farko da aka tabbatar a Legas.

To amma rumbun GISAID ya tara miliyoyin samfuran korona, bishiyar da ido zai iya karantawa kuwa 'yan dubbai take ɗauka. Dole a yi tankaɗe, kuma wata ƙa'ida ce da mutum ya rubuta ke zaɓar wanda zai shiga. In aka ɗiba ba tsari, Ingila da Amurka, waɗanda suka fi kowa karanta samfura, za su cinye bishiyar. Shi ya sa masu Nextstrain ke ɗiba bisa yanki da wata, don a daidaita. Duk da haka ba a tankaɗe abin da ba a kawo ba. Ƙasar da ba ta aiko samfuri ba fara fat take a taswira, farin kuma na iya zama rashin cuta, yana iya zama rashin injin gwaji. Layin da ya tashi daga wata ƙasa zuwa wata hasashen lissafi ne da aka gina a kan waɗanda suka yi gwaji, amma a ido kamar sawun ɓarawo yake.

Mun ga abin da irin wannan karatu ke haifarwa a Nuwamba 2021. Masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona mai suna Omicron suka sanar da duniya, cikin 'yan kwanaki aka rufe wa ƙasashen yankin ƙofa. Daga baya hukumar lafiyar Holan ta tarar da nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarta tun 19 da 23 ga watan, kafin sanarwar. Birtaniya ta sa Nijeriya ma a jan jerinta, wato na ƙasashen da ta taƙaita shigowar matafiya daga cikinsu, a farkon Disamba, ta soke jerin a tsakiyar watan. Ba na cewa hoton wata manhaja ne ya jawo wannan. Ina cewa kuskuren tunanin iri ɗaya ne, wato ɗaukar inda aka fara gani a matsayin inda aka fara yi. Mu da muke cewa gani ya kori ji, ya kamata mu riƙa tambayar wa ya riƙe fitilar, kuma ina ya haska.

Yanzu ga sabon baƙo, ƙirƙirarriyar basira mai jin magana. Ka rubuta mata "nuna mini yadda yawan ƙwayar cutar ke sauka a jinin waɗanda suka fara magani", ta rubuta umarnin zanen da kanta. Manhajar LIDA da Victor Dibia na sashen binciken Microsoft ya fitar a 2023 haka take: ta taƙaita jadawalin, ta ba da shawarar tambayoyin da za a iya yi masa, ta rubuta umarni, ta zana. Ga likitan da bai iya R ko Python ba, wannan sauƙi ne na gaske, kuma ba na cikin masu raina shi.

Abin da ke damuna shi ne irin kuskurenta. In umarnin ya karye, ka gani ka gyara. Wanda ya fi muni shi ne ya yi aiki. Yawan ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki a jini yana iya kamawa daga ƙasa da 50 zuwa miliyoyi a mililita ɗaya, shi ya sa masu fannin ke zana shi a ma'aunin da kowane mataki ke ninka na baya sau goma. A zana shi a ma'aunin talaka, mai 200 da mai 20,000 duk za su kwanta a ƙasa kamar abu ɗaya, alhali a wurin likita ɗaya maganinsa na aiki, ɗayan kuwa akwai magana. Haka batun launi. Hotunan ja da kore da aka gada daga binciken ƙwayoyin halitta na ƙarshen shekarun 1990 sun cika intanet, na'urar ta koya daga gare su, alhali kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a Turawan arewa ba ya bambance launukan biyu da kyau. Na'urar da ta koyi sana'a daga tarin tsofaffin maƙalu ta kwaso har da munanan ɗabi'unsu.

Dabarar da na ga ta fi hankali ita ce a ɗaure ta da nahawu. Kada a bar ta ta rubuta duk umarnin da ta ga dama. Ta cike takardar Vega-Lite ko Gosling kawai, wata manhaja ta duba ko takardar ta bi ƙa'ida, sannan injin da aka sani ya zana. Abubuwan da ba a wasa da su, kamar bugun rubutun halitta, ko wane jeri ne ke nuna majinyacin da aka rabu da shi, a sa su zama tilas, in babu su manhajar ta tsaya ta tambaya maimakon ta yi kirdado. Wannan ma bai rufe ƙofa duka ba, domin jimla na iya cika ƙa'idar nahawu ta kuma zama ƙarya. Amma aƙalla akwai takardar da mutum zai karanta ya kama ta.

Akwai kuma wata riba a wannan tsari da ta shafe mu kai-tsaye. In abin da na'urar ke buƙata sunayen jeri ne da irin abin da ke cikinsu, to ba dole a aika mata bayanan majinyata zuwa wata kwamfuta a ƙetare ba. Ta rubuto takardar umarni, zanen a yi shi a gida. Tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma sakamakon gwajin jinin wata yarinya da ake shirin aurenta ba abin yawo ba ne. Masu Nextstrain sun bi irin wannan hanya a kayan aikinsu na Nextclade: ka jawo fayil ɗinka ka saka a shafin, lissafin da zanen duk a cikin kwamfutarka ake yin su, samfurin ba ya fita ko'ina.

Ɗalibin da ya buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan ya rubuta rs334, lambar da aka yi wa harafin sikila rajista da ita, zai ci karo da wani abin mamaki. Littafin aji ya ce A ce ta koma T, GAG ta zama GTG. Fuskar kwamfuta kuwa za ta nuna masa T ta koma A. Duka biyun daidai ne. Zaren halitta igiya biyu ne masu fuskantar juna, HBB tana kan igiyar da ake karantawa daga dama zuwa hagu, kamar ajami, manhajar kuma ɗaya igiyar take nunawa. Abin da zai fitar da shi daga ruɗani wasu 'yan ƙananan kibiyoyi ne da ke kan zaren ƙwayar suna nuni hagu, waɗanda wani ya tuna ya sa a cikin ma'aunin tun farko.